Wa Zai Riƙe Mata Yara Ranar Asibiti?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, babu wadda ba ta san haramcin abin maye ba, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta gama magana. Abin da nake so mu duba yau shi ne halin 'yar uwarmu da ta faɗa shan kodin ko tiramol, ta yi nadama, ta yarda ta je asibiti, amma ga goyo a baya, ga na yaye, ga 'yan makaranta.

A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake shansa. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a wannan shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 sun sha ƙwaya a Najeriya, kuma cikin kowane mutum 4 ɗaya mace ce. To amma a wuraren jinya da ƙyar ake ganin mata. Ina suka shiga? Suna cikin ɗakunansu.

Wadda ba a kwantar ba, zuwa take yi ta dawo, sau da yawa har na tsawon watanni. Ta yi sammako ta ciro kati, ta bi layi, ta ga likita, ta zauna da mai ba da shawara. Rana ta raba. Ta tafi da yaran? Yaya za ta buɗe cikinta ga likita alhali ɗan shekara biyar na zaune yana ji, wanda da an dawo zai kwashe labari ya kai wa abokiyar zamanta? Ta bar su? A hannun wa, ba tare da an ce mata "ina zuwa kullum haka?" ba. Ga tsoron kada magana ta fita a sake ta, a karɓe 'ya'yan. Sai ta fasa zuwa yau, ta fasa na gaba, jikin ya motsa, ta koma ga kwalba. Mu kuma mu ce dama ba ta tuba ba. Subhanallah!

Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, idan ya ji kukan jariri sai ya taƙaita saboda kada hankalin uwar ya tashi. Sallar jam'i guda aka sassauta don uwa ɗaya. Haka nan akwai sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Wannan fa wanda aka kamo ke nan, balle wadda ta tashi da ƙafarta tana neman magani.

Mafi yawan Islamiyyunmu na matan aure akwai ajin da ke zaune babu kowa a wasu ranaku da safe. Malama ta ware mata biyu masu riƙe amana, su riƙa karɓar yaran duk wata mai zuwa asibiti, ko awon ciki ne, ko hawan jini, ko wannan. Idan aka haɗa su haka, babu mai gane wace ce wace. Sharaɗi ɗaya ne: ba tambaya, ba kai labari. Wadda ta san bakinta ba ya shiru, don Allah ta taimaka da sabulu ko garin kunu kawai.

Ke kuma uwargida ko amarya da kika gano abokiyar zamanki na cikin wannan jarabta, na san akwai kishi, ni ma mace ce. Amma yaran nan 'yan uwan 'ya'yanki ne. Ranar asibitinta ki ce, "Maman Amira, bar min su, je ki dawo." Maigida kuma a tuna masa kuɗin mota da na magani suna cikin abin da ake nema a wurinsa, kuma ranar da likita ya ce a zo da shi, ya daure ya raka ta.