Gargaɗi Ga Sabon Mai Bi Wanda Za Shi Jami'a

Ya ɗan'uwana, kai da ka karɓi baftisma bara ko bana, da kai kuma da ke zuwa ajin masu neman sani ba ka yanke shawara ba tukuna, ga 'yar magana a kan tafiya jami'a. Samari da 'yan mata su kan zo wurina da takardar shiga a hannu, su ce, "Malam, ƙaƙa zan zauna a can?" Waɗansu kuwa tun ba su ga ƙofar Samaru ba, idonsu ya rigaya ya kai Ingila da Amurka.

Da fari ka sani neman ilimi ba laifi ba ne, ko da za ka ƙetare teku dominsa. Dokta Barau Dikko, yaron Wusasa, ya tafi Birmingham ya koyi aikin likita, shi ne likita na farko daga Arewa, har wa yau akwai asibiti a Kaduna da sunansa. Dokta Ishaya Audu kuma ya yi karatu a Wusasa, da Ibadan, da Ingila. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya cikin 1962, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, daga 1966 zuwa 1975. Ka riƙe abu ɗaya game da su, gama zan komo kansa: dukansu biyu sun tafi, dukansu biyu sun dawo gida da abin da suka samo.

A jami'a za ka kwana ɗaki ɗaya da waɗanda ba ka taɓa sani ba, Musulmi da Kirista, Bayarabe da Bafulatani da Ɗan Tibi. Babu uba, babu dattijon ikilisiya mai duban fitarka da shigarka. Idan abokin ɗakinka ya shimfiɗa darduma za ya yi salla, ka rage muryarka, kada ka gitta gabansa. Kada ka ɗauki garinsa ko sabulunsa sai da izini. Da irin waɗannan za ya auna bangaskiyarka, ba da yawan gardama ba. Ka nemi zumuntar masu bi tun makon fari. Ƙungiyar ɗalibai Kirista da aka fara a Gindiri cikin 1957 tana da rassa a makarantu da yawa. Ka shirya wa haƙuri kuma, gama cikin 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki wata takwas, ɗalibai na zaune a gida.

Malamanka, ka ba su girma. Amma ma'aikatan jami'a ba malamai kaɗai ba ne. Akwai mai gadi, da mai shara, da magatakarda mai ajiye takardunka. Na kan ji kunya in na ga yaro ya durƙusa wa farfesa, sa'an nan ya wuce tsohuwa mai share masa baranda ba ko sannu, alhali kuwa ta yi jika da shi. Idan wani ya ce maka ana sayen maki da kuɗi, ko ya nemi 'yar'uwa da lalata domin ya haye da ita jarrabawa, kada ku yarda, kada kuma ku yi shiru. Ku kai magana ga hukumar makaranta da dattawan ikilisiya. Likitan da ya sayi makinsa, wata rana ɗan wani ne za ya kwanta a gabansa.

Yanzu ga batun ƙasar waje, inda jaraba ta fi ƙarfi. Hanyoyi na gaskiya suna nan. Akwai tallafin Kwamanwel da aka tsara cikin 1959, da na Chevening da gwamnatin Birtaniya ta fara cikin 1983. Jihohi ma su kan aika da 'ya'yansu. Dukansu su kan nemi shaidar karatu ta gaskiya. Wanda ya ce za ya gyara maka sakamako, ko ya rubuta maka takardar banki ta ƙarya, ɓarawo ne, kai ma in ka yarda ka zama abokin satarsa.

Yawancin masu biya maka kuɗi kuma su kan sa ka yi alkawari a rubuce cewa za ka dawo ka yi aiki shekaru kaza. Mutane su kan sa hannu da gaggawa, zuciyarsu kuwa ta rigaya ta ƙudura ba za su dawo ba. A ƙarshen 2024 hukumar TETFund, mai taimakon malaman manyan makarantu, ta sanar da dakatar da aika su waje, ta ce saboda tsada, da kuma saboda waɗanda aka aika suka ƙi dawowa. Ka gani? Na gaba ya shiga, ya rufe wa na baya ƙofa.

Watakila za ka ce mini, "Malam, ai Daniyel bai koma Urushalima ba." Gaskiyarka. An kai shi Babila yana saurayi, aka koya masa harshe da rubutun Kaldiyawa shekara uku, aka sake masa suna, a can kuma ya tsufa yana aikin sarakuna. Amma Daniyel kamamme ne, ba wanda ya tambaye shi, bai kuwa sa hannu a takardar kowa ba. Abin da ke cikin ikonsa, wato abincinsa da addu'arsa, wannan ya tsare, har aka jefa shi ramin zakoki. Zama a baƙuwar ƙasa ba zunubi ba ne. Wanda ya tafi da kuɗin kansa, babu mai binsa bashi. Amma kai da ka rantse, bakinka ya ɗaure ka a gaban Allah, ko da wanda ka rantse wa gwamnati ce marar fuska. Kuɗin nan harajin talakawa ne, har da na uwarka mai sayar da ƙosai.

Na san wani dattijo a ikilisiyarmu wanda ya tsaya wa ɗan ƙanwarsa lamuni. Yaron ya gama karatu, ya sami aiki a can, wasiƙa ta ɗauke. Da aka zo neman kuɗi, dattijon ya sayar da gonarsa ta fadama. Bai taɓa zagin yaron a gabana ba. Kowace Lahadi ya kan sa sunansa cikin addu'a. Ni ne na kan kasa cewa amin da sauƙi, Ubangiji ya gafarta mini.

Domin wannan, ranar da aka miƙo maka takardar alkawari, kada ka sa hannu a ofis tsaye. Ka kawo ta gida, ka karanta ta da ƙarfi a gaban wanda za ya tsaya maka da dattijo ɗaya na ikilisiya, ka fassara masu kowane layi da Hausa, har adadin shekaru da na kuɗi. In daga baya hali ya sake, kana so ka zauna can, ka rubuto wa waɗanda suka aike ka, ka roƙi su sake ka, ka biya abin da suka ce daga aljihunka, kafin su je ƙofar kawunka.