Guguwar Katrina: Ƙaddara Ce ko Sakaci?

Ranar 29 ga watan Agusta na shekarar 2005 guguwar Katrina ta faɗa wa gaɓar tekun jihar Luiziyana ta ƙasar Amurka. Cikin ƴan kwanaki ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans, mutane fiye da 1,300 suka rasa rayukansu, aka kuma ƙiyasta hasarar dukiya ta kai dala biliyan 125. Wanda ya ji wannan labari abin da zai fara fita bakinsa shi ne: ikon Allah! Gaskiya ne kuwa, domin babu mahalukin da ke tayar da iska ko ya kwantar da ita. Amma shin iskar ce ta zaɓi waɗanda za su mutu?

Tambayar ba sabuwa ba ce. Lokacin da girgizar ƙasa ta rushe Lizbon a 1755, Voltaire ya ɗauke ta hujjar cewa duniya ba ta tafiya bisa alheri tsantsa. Rousseau ya mayar masa da martani a 1756 cewa mutane ne suka cunkusa dogayen benaye wuri guda, don haka suna da hannu a yawan gawarwakin. A ganina, abin da ya faru a New Orleans ya fi ba Rousseau gaskiya.

Wani babban sashe na birnin yana ƙasa da tsayin teku, ganuwowi ne kawai suke tare masa ruwa. Hukumar injiniyoyin sojan Amurka ce ta gina su, bincike kuma ya nuna wasunsu sun ɓalle tun ruwa bai kai iyakar da aka ce za su jure ba. Shekara guda kafin nan, a 2004, hukumomi sun yi atisaye a kan irin wannan guguwa, sun san abin da ke tafe. Magajin gari Ray Nagin ya ba da umurnin kowa ya fita ranar 28 ga wata. To, da me za a fita? Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen birnin ba su da mota, ga shi ƙarshen wata ne, aljihu ya bushe. Mai hali ya tsere. Talaka da tsoho da majinyaci suka rage, dubbai suka fake a filin wasa na Superdome cikin zafi da ƙishirwa. Kusan rabin mamatan Luiziyana sun kai shekara 75 ko sun haura.

Mu a Nijar ba baƙin wannan darasi ba ne. A wannan shekara ta 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, yara suna ramewa a yankin Maraɗi alhali hatsi yana jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu.

Sai dai kada mu wuce gona da iri. Ko da an gina ganuwa mafi ƙarfi, guguwar za ta yi ɓarna, kamar yadda ta share garuruwan gaɓar jihar Misisipi. Akwai abin da ya fi ƙarfin mutum, imani da ƙaddara kuma shi ke riƙe zuciyar wanda ya binne ɗansa. Abin ƙi shi ne kalmar ta koma bakin wanda aka ba amana, ya yi garkuwa da ita. Haƙuri na wanda aka zalunta ne. Mai riƙe da amana bayani ake bin sa.

An dai hukunta sunan guguwar. Tun 1979 ana juya jerin sunaye shida, na maza da na mata, ga guguwoyin tekun Atlantika, sai wadda ta yi mummunan ta'adi a soke nata. An soke Katrina a 2006. Amma da mazauna birnin suka kai ƙarar hukumar injiniyoyin kan ganuwowin da suka ɓalle, alƙali ya kori ƙarar a 2008, saboda wata doka ta 1928 ta kare gwamnati daga biyan diyyar ambaliya.