Sabon keke: buƙata ce ko don a gani?

Wani ɗan'uwa mai hawan keke don motsa jiki ya tambaye ni: "Malam, in na bar kekena na alminiyam na sayi na kabon, almubazzaranci ne?"

Na ce halal ne, amma dakata. Na kabon bai kai wancan nauyi ba, bambancin kamar kilo 1 zuwa 2. Sai dai ya fi tsada sosai, kuma in ya faɗi yakan tsage inda ido ba ya gani.

Tambayi zuciyarka: lafiya kake nema ko yabon abokan hawa? In babu bashi, ba ka tauye haƙƙin iyali ba, saya ka gode wa Allah. In don a gani ne, rage kilo biyun daga tumbinka, kyauta ne.

Allah Ya tsare mu daga riya.