Kallon dutse da haƙƙin mutanen dutse

Duk ɗan Sudan da ka tambaya inda ya fi ko'ina kyau a ƙasarsu, da wuya bai ce maka Jabal Marra ba, ko da kuwa bai taɓa taka Darfur ba. Dutse ne da ya haura mita 3,000. Can bisa ƙwanƙolinsa akwai ƙaton kwarin da aman wuta ya bari, Dariba, da tafkuna biyu a ciki. Ruwa na kwararowa daga tsauni a Nartiti, Furawa, mutanen yankin, sun yanka jikin dutsen hawa-hawa suna noman hatsi da lemo har da tuffa, a Turra kuma kaburburan sarakunansu suke. Mutumin Omdurman da ranar Mayu ta gasa, ƙurar habub ta cika masa ido, in ya ji labarin sanyin wurin dole ya yi tasbihi.

Wannan tasbihin ne ya daɗe yana yi mini tsaye a rai. Lokacin da nake ɗalibta a Khartoum, akwai wata mai shayi da muke zama wajenta a bakin Nilu, kusa da Mogran inda kogunan biyu suke haɗuwa. Kujeru 'yan ƙanana, gawayi, kwalaben citta da na'ana'a a jere, turaren wuta na tashi. Bafura ce. Wani abokina ya taɓa ce mata, "Ya Hajja, garinku ai aljanna ce." Ta miƙa masa kofinsa ta ce ita dai daga aljannar ta gudo da 'ya'yanta. Tun daga 2003 dutsen ya zama fagen daga, kogunan dutsen da baƙo zai so ya leƙa da fitila sun zama mafakar iyalai daga bama-baman jiragen sama.

To, yaya matsayin mai kallon da ya ga ikon Allah a tafki, bai gan shi a wannan baiwar Allah ba?

Masu kare yawon buɗe ido suna da hujja, ban raina ta ba: Alƙur'ani ya sha umartar mu da tafiya a bayan ƙasa da duba. Sai dai wanda ya bi ayoyin a tsanake zai tarar akasarinsu ba su tsaya ga kyan wuri ba, ƙarshen al'ummomin da suka gabata ake cewa a duba. Ga kuma abin da ya faru a Hijr, a kan hanyar Tabuka, inda Samudawa suka sassaƙe gidaje cikin duwatsu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya hanzarta tafiya. Tun 2008 wurin yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO, ana yankar tikiti a shiga. Malamai na da ja-in-ja a kan halaccin haka, ni ba nan na nufa ba. Abin da na ɗauka shi ne a idon Manzo wuri ba ya rabuwa da labarin mutanensa.

Kasuwar yawon buɗe ido kuwa a kan raba su take ci. A tsaunukan Shan na ƙasar Bama ana tallata tafkin Inle, da kogon Pindaya mai dubban gumakan Buddha, sai a ƙara da "ƙabilun tsauni" a jeri guda, kamar su ma daga ƙasa suka tsiro. Ba sai an je nesa ba ma. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, kowace Juma'a da la'asar 'yan Ƙadiriyya kan taru a hubbaren Shehu Hamad al-Nil a Omdurman, da koren tufafi da ja, ana buga ganga ana zikiri. Baƙi da kyamarori sukan kewaye da'irar. Na ga wanda ya kusa cusa wa wani dattijo na'urarsa a fuska alhali bawan Allah ya yi nisa cikin ambaton Ubangijinsa. Ban ce a kore su ba. Wasu cikinsu sun fi mu natsuwa a wurin. Amma da wanda ya zo a matsayin baƙo da wanda ya zo cin kasuwa da ido, daga tsayuwarsu kake gane su.

Kakanninmu da suka yi hajjin ƙafa ta Darfur, ta Fashir da Ubayyid har Sawakin, wasunsu sun ga Jabal Marra daga nesa. Ba su da halin kallo kawai, domin sai sun yi noman ƙodago a gonar mai gari kafin su samu guzurin gaba, sai sun san sunansa da harshensa. Wasu ma ba su ƙarasa ba, jikokinsu na nan a Omdurman da Maiwurno. Talauci ne ya tilasta musu wannan ladabin, ban ce waliyyai ba ne.

Wahalar mutanen dutsen kuwa ba ta tsaya ga yaƙi ba. A ƙarshen Agustan 2025 ƙasa ta zaftare wa ƙauyen Tarasin a Jabal Marra bayan mamakon ruwan sama. Saboda rashin hanya, a kan jakuna masu agaji suka isa wurin, kuma alƙaluman mamatan da ɓangarori suka bayar sun yi hannun riga da juna.