Wa Za Ya Zauna Da Mai Naƙuda?

'Yan'uwa cikin Ubangiji, mun karanta cikin Luka sura 1 cewa Maryamu ta zauna wurin Alisabatu wajen wata 3, ita kuwa Alisabatu cikinta ya tsufa. Maryamu ba ungozoma ba ce. Zama ta yi da 'yar'uwarta, shi ke nan.

Dā budurwar ciki takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Yanzu fa? Yarinya tana birni, uwa tana can ƙauye, miji ya fita aiki. Naƙuda ta taso, ba mai riƙe mata hannu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowace mace ta sami wadda ta zaɓa kusa da ita lokacin haihuwa, gama an ga naƙuda takan rage tsawo, tsoro kuma ya ragu.

To, ku matan zumunta, wannan naku ne. Ba a ce ku karɓi haihuwa ba, aikin ungozomar asibiti ke nan. Ku raka ta awo, ku shafa mata baya, ku yi addu'a tare. In kun ga jini yana zuba, ko fuska ta kumbura da ciwon kai mai tsanani, kada ku tsaya shawara, ku nemi mota.

Kwana 40 na jego kuma a dinga leƙa ta. Kunun kanwa dai a rage, gama yawan kanwa yana wahal da zuciyar mai jego. Dakashi kuwa kada a zubar, a ba jariri tun sa'ar fari.