Idan Ciwo Ya Shiga Gidan Liman

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a garuruwan bakin Kogin Haɗeja kamar Auyo, idan damina ta yi nisa ruwa ya kwanta a fadamu, sai sauro ya yawaita, zazzaɓi ya bi gida gida. Abin ya fi tsanani a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022. A wannan lokaci liman ba ya samun zama: ga dubiya, ga addu'a, ga sallar jana'iza. To, amma ciwo ba ya tsallake ƙofar kowa. Wata rana matar liman ce ko 'yarsa za a tarar kwance, ya zama tilas ya bar masallaci ya kai ta asibiti Haɗeja.

A nan ne kuskure iri biyu kan faru. Wasu jahilai sukan koma gefe suna cewa, wanda yake yi wa mutane addu'a ga shi ta kasa amfanin gidansa. Shi kuma liman sai ya riƙa jin kamar ya ci amanar jama'a don ya bar su kwana uku.

Tarihin Musulunci ya warware duka biyun. A shekara ta 2 bayan Hijira, da za a fita yaƙin Badar, Ruƙayya 'yar Manzon Allah tana kwance ba lafiya. Sai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mijinta Usmanu ɗan Affan ya zauna jinyarta. Ta rasu kafin rundunar ta komo Madina. Duk da haka aka ba Usmanu rabonsa na ganima, aka kuma yi masa bushara da ladan wanda ya halarci yaƙin. Ashe jinyar iyali ibada ce da ta isa a ajiye wata ibadar dominta. Haka kuma a shekara ta 10 ɗansa Ibrahimu ya rasu yana ƙarami, Annabi ya zubar da hawaye, bai kuwa faɗi abin da zai saɓa wa Ubangiji ba. Wane ne ya fi shi karɓuwar addu'a?

Neman magani ma ba raunin tawakkali ba ne. Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, tana da babi kan halaccinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, shi ma ya yi rubuce-rubuce kan magunguna.

Saboda haka wajibin jama'a a fili yake. Kowane masallaci ya tanadi na'ibi tun kafin buƙata ta taso, yadda Abubakar ya ja salla lokacin da Annabi yake jinya. Yawancin limaman ƙauye ba su da albashi, gona ce abin dogaronsu. Sai a yi karo-karo a ɗauke musu kuɗin mota da na magani, a kuma yi musu gayya a gonar. Wanda ya saba zuwa dubiya, ranar da ciwo ya shiga gidansa shi ma yana da hakkin a je masa.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin.