Ɗana, Auna Fitilar Kafin Ka Ɗora Wa Jirginka

Ɗana, na ga hankalinka ya karkata ga ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da kuke kira diron, kuma na ji kana cewa hoton gari da dare ya fi na rana kyau. Ba zan hana ka ba, domin sha'awa ce mai kyau, wasu ma da ita suka samu abin yi. Sai dai tun da ka fara maganar sayen fitila mai walƙiya da za ka liƙa masa, bari in ja kunnenka kafin kuɗinka ya fita daga aljihu. Fitilar nan ba ado ba ce, kuma ba don kai kaɗai ake sa ta ba. Mutum na farko da take yi wa aiki shi ne matuƙin jirgin da ke ɗauke da rayuka, musamman mai saukar ungulu da ke bi ƙasa-ƙasa. Na biyu su ne mutanen da ke ƙarƙashin jirginka. Kai ne na uku. In ka riƙe wannan jerin, zaɓin zai zo maka da sauƙi.

Kada ka ce ai jirgin ya zo da fitilunsa. Waɗannan 'yan ƙananan da ke hannayensa an yi su ne don su gaya maka halin da yake ciki, ko ya kama tauraron ɗan'adam, ko batir ya yi ƙasa, kuma da ya yi ɗan nisa sukan ɓace maka. Ma'aunin da masu wannan harka suka fi ambata daga Amurka ya fito. A watan Afrilun 2021 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta fara barin masu aiki da diron su tashi da dare ba tare da neman izini na musamman ba, bisa sharaɗin jirgin ya kasance da fitilar kauce wa karo da za a iya hangowa daga nisan mil 3, wato kusan kilomita 5, kuma tana walƙiya da saurin da zai isa a kauce masa. Sharaɗin fitilar ya haɗa har da rabin awar da ke bayan faɗuwar rana da wadda ke gabanin fitowarta. Shi ya sa kusan kowane kwali za ka ga an rubuta masa mil 3. Amma ka sani mai sayarwa ne ya rubuta, kuma ranar da aka tambaya, mai tuƙa diron za a tambaya, ba kwali ba.

Fara da sikeli kafin ka kalli haske. Ba banza ba ƙananan jiragen DJI Mini suke tsayawa a giram 249 ko ƙasa da haka. A Amurka, mai tashi don nishaɗi kawai ba ya buƙatar rajista in jirginsa bai kai giram 250 ba, a Tarayyar Turai ma wannan adadi ne iyakar ajin da ya fi sassauci. Fitilun da ake yi don wannan aiki kuwa suna da nauyinsu: ta VIFLY wajen giram 6 ce, ta Lume Cube wajen giram 10. Ka ga ke nan abin da bai kai nauyin mukullin ɗaki ba zai iya fitar da jirginka daga wani aji na doka ya jefa shi wani. Saboda haka nemi sikeli mai lamba, irin na masu sayar da gwal. Ɗora jirgin kamar yadda zai tashi, da batirinsa, da katin ajiyar hoto, da garkuwar farfela in kana sa ta. Rubuta abin da ya nuna. Sannan ɗora fitilar tare da abin liƙa ta, domin shi ma giram ne. In lambar ta kai 250, ka zaɓi ɗaya: ko ka nemi wadda ta fi sauƙi, ko ka bi dokar manyan jirage ba tare da ƙorafi ba. Abin da ba na so shi ne ka rage haske don ka tsere wa rajista. Takarda ta fi asara sauƙi.

Nauyi ba maganar doka ba ce kaɗai. Giram 10 a kan jirgi mai giram 249 kashi 4 cikin 100 ne na jikinsa, kuma injina ne za su biya da batir. In ka liƙa ta gefe guda, injin da ke wannan ɓangaren zai riƙa aiki fiye da 'yan'uwansa. Kada kuma zumuɗi ya sa ka jera uku ko huɗu a ƙaramin jirgi. Guda ɗaya mai kyau a wurin da ya dace ta fi tarin masu araha, kuma ka san araha ba ta ado.

Yanzu ga haske, inda aka fi ruɗar mai saye. Za ka ga an rubuta lumen da manyan lambobi. Lumen jimillar hasken da fitila ke fitarwa ne ta kowace fuska. Abin da ke sa a hango ta daga nesa shi ne ƙarfin da ya nufi idon mai kallo, wanda ake aunawa da kandela. Fitila na iya tattara haskenta ta harba shi sama kamar tocila, ta yi ƙarfi ga wanda ke bisanta, amma wanda ke gefe da kyar zai gan ta. Jirgin da za ku iya karo da shi kuwa galibi ta gefe zai zo. Don haka nemi mai murfi kamar ƙoƙo, wadda ke watsa haske kewaye da ita. Ka kuma tuna nisa ba ya cin haske da sauƙi: in nisan ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isowa, in ya ninka uku, ɗaya cikin tara. Wadda ta kashe maka ido a cikin shago ba ta nuna maka komai ba tukuna.

Gani ya kori ji. Ba abokinka fitilar ya tsaya a kan tudu ko saman bene da dare, kai kuma ka yi nisa a miƙaƙƙiyar hanya kana duba tazarar a taswirar wayarka. Ka ce ya riƙe ta a kwance kamar yadda za ta zauna a bayan jirgi, kada ya nuno ka da ita. Sannan ya karkata ta gaba da baya, domin diron ba ya tafiya a miƙe, sunkuyawa yake yi. Inda ta fara ɓace maka, nan ne gaskiyarta. Kuma ka maimaita gwajin in hunturu ya shigo. A ƙasarmu akan yi hazon da ke hana manyan jirage sauka a Kano da Sakkwato da Maiduguri, to ina ga fitilar da ba ta kai ɗan yatsa ba? Ƙura tana warwatsa haske, kuma daren da hazo ya yi kauri ba fitila ce maganinsa ba, ajiye jirgin ne.

Launi ma ba abin son rai ba ne. A al'adar jiragen sama, ja na fiffiken hagu, kore na dama, fari na wutsiya, fitilun kauce wa karo kuma fari ne ko ja masu walƙiya. Matuƙi yana karanta waɗannan launuka ya san inda ɗan'uwansa ya dosa. A irin waɗannan ƙananan fitilu fari ne ya fi kaiwa nesa, shi ya sa aka fi dogara da shi. Ja yakan yi rauni a idon da ya saba da duhu, sai dai ba ya dame maka gani. Turai kuwa ta ɗauki wata hanya: tun 1 ga Yulin 2022 dokar Tarayyar ta wajabta koren haske mai walƙiya ga diron da ke tashi da dare, don wanda ke ƙasa ya bambanta shi da jirgi mai mutane. Saboda haka sayi wadda ake iya sauya mata launi, sannan ka bi abin da ƙasar da kake ciki ta tanada. Ka guji haɗa ja da shuɗi suna musaya, kada jama'a su ɗauka jami'an tsaro ne.

Game da saurin walƙiya, ɗauki darasi daga manyan jirage, waɗanda ƙa'idarsu ta tsaya tsakanin 40 zuwa 100 a minti guda, wato wajen sau ɗaya a daƙiƙa ko sama da haka kaɗan. In ta yi jinkiri sosai, jirgi zai yi tafiya mai nisa cikin duhu tsakanin walƙiya da walƙiya. In ta yi sauri sosai kuma akwai wata cutarwa da samari ba sa tunawa: hasken da ke ƙyaftawa tsakanin sau 3 zuwa 30 a daƙiƙa yana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu. Kada ka kunna irin wannan a gaban taron biki ko a fuskar yara don a yi dariya.

Wurin liƙawa ya kai zaɓen fitilar muhimmanci. Bayan jirgi, wato samansa, shi ne wurinta na asali, domin mai zuwa daga sama ko gefe ya gan ta. Amma a jirage da yawa eriyar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam tana ƙarƙashin wannan murfin, don haka duba littafin jirginka, kuma bayan ka liƙa ka lura ko adadin taurarin da yake kamawa ya ragu. Fitila mai maganaɗisu a gindi ka bar ta a shago, domin tana rikita kamfas. Kada ka toshe ramukan shan iska, kada ka rufe idanun da ke ƙarƙashinsa waɗanda yake auna ƙasa da su. Juya kowace farfela da yatsa ka tabbata ba ta taɓa ta. Goge wurin da auduga da ɗan sifirit, ka danna gam ɗin sosai, ka bar shi ya kwana. Zafin Afrilu yana sassauta gam, saboda haka kafin kowane tashi ka ɗan ja fitilar ka ji ko ta yi lako-lako. Sannan ɗauki gajeren bidiyo a duhu ka duba, kada walƙiyar ta riƙa faɗowa cikin kyamara ta ɓata maka aikin da ka fita dominsa.

Yawancinsu suna da ɗan batirinsu da ake caji da wayar USB, kuma haka ya fi maka, domin ba ka taɓa wayoyin jirgin ba. Yi mata cikakken caji, ka kunna ta a ɗaki, ka riƙa leƙawa. Wata ba ta mutuwa farat ɗaya, dusashewa take yi, tana ƙyaftawa amma ba ta kai nisan da ka gwada ba. Kada ka bar ta cikin mota a rana, kuma da ka ga ta kumbura, aikinta ya ƙare.

Ga abin da na fi so ya zauna maka. Fitila tana sa a gan ka, ba ta sa ka gani. Wayar lantarki, reshen darbejiya, igiyoyin da ke riƙe da dogayen eriyoyi, duk suna nan inda suke cikin duhu, kuma idanun kauce wa cikas na yawancin ƙananan jirage ba sa aiki in babu haske. Je ka duba filin da rana, ka san abin da ya fi komai tsawo, ka saita tsayin da jirgin zai bi in yana komowa gida da kansa ya wuce shi, ba tare da ka haye mita 120 da ƙasashe da yawa suka iyakance ba. Ɗigon haske guda ba ya gaya maka ina gaba ina baya, kuma in ka ƙura masa ido a duhu zai yi kamar yana motsi alhali a tsaye yake. Wannan ruɗin ido ne da ake gargaɗin matuƙa a kansa. Riƙa kawar da ido, ka rage hasken allon rimot, ka ba idonka minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, kuma ka tafi da wanda aikinsa kawai kallon sama da saurare. Kun ji ƙarar jirgi, sauko.

Kuma fitila ba izini ba ce. A Nijeriya tun 2016 hukumar NCAA ta sanar cewa ba a tashin diron sai da amincewarta da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Je ka tambayi abin da ake bukata a yau, ka nisanci filin jirgi da bariki. Bayan hukuma akwai maƙwabta. A lokacin da mutane ke kwana da kunne ɗaya, haske mai walƙiya yana shawagi bisa unguwa ba abin wasa ba ne. Gidajenmu kuma tsakar gidansu a buɗe take, da zafi iyali a waje suke kwana, kuma ba ka da hakkin leƙa su ko da kyamararka a kashe take. Fita bayan gari, ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana. Tashinka na farko ya kasance da magariba ta gabato, a fili, kusa da kai, har hannunka ya saba. In cikin abubuwan nan ɗaya bai cika ba, mayar da jirgin jakarsa, gobe ma dare ne. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka, Ya tsare mutane daga abin da ke hannunka.